Takobin Dha Na Zamani: Abin Da Bidiyon Waya Ba Ya Nunawa

Bidiyon ba ya wuce daƙiƙa 15. An jera robobin ruwa a kan benci, wani mutum ya ɗaga takobi mai ɗan lanƙwasa da doguwar ƙota, ya kai sara sau ɗaya, sai ga saman robobin sun zame ƙasa, gindinsu na nan tsaye cike da ruwa. A ƙarƙashin bidiyon akwai adireshin shagon intanet, da hoton takobin cikin kubensa, da maɓallin saye. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli irin wannan bidiyo har ƙarshe a TikTok ko YouTube ya san abin da ke biyo baya: manhajar ta gane abin da yake so, gobe ta kawo masa goma.

A da, idan aka ce takobin ƙasar waje, na Japan kaɗai matasa suka sani. Yanzu makaman kudu maso gabashin Asiya sun shigo allon waya ta ƙofofi da dama. Masu buga Mobile Legends sun san Lapu-Lapu, wanda aka ɗauko sunansa daga sarkin tsibirin Mactan na ƙasar Filifin, wanda mayaƙansa suka kashe Ferdinand Magellan a shekarar 1521. Fim ɗin Raya and the Last Dragon na kamfanin Disney, wanda ya fito a 2021, ya ba jarumarsa takobi mai lauje-lauje irin keris. Shirin Forged in Fire na Amurka, da aka fara gasar maƙera a cikinsa a 2015, ya sha sa 'yan gasa su ƙera makaman wannan yanki.

Daga cikin waɗannan makamai, wanda kamfanonin zamani suka fi sauƙin kwaikwaya shi ne dha. Sai dai mallakarsa ta wuce danna maɓalli. Takobi na'ura ce mai bayanan ƙira kamar waya, kuma abubuwa uku da suka fi muhimmanci a jikinsa duk kyamara ba ta ganinsu: irin ƙarfen, yadda aka gasa shi, da abin da ke ɓoye cikin ƙotar. Wanda ya yi kuskure wajen sayen waya, kuɗinsa ne suka tafi. Wanda ya yi kuskure a nan, yana iya rasa kuɗi, ya rasa yatsa, ko ya kwana a hannun hukuma.

Daga ina dha ya fito?

Kalmar "dha" ta harshen Bama ce, babban harshen ƙasar Myanmar, kuma tana ɗaukar wuƙa da adda da takobi. A Tailan da Laos ana ce masa "daab". Ana samunsa har Kambodiya da lardin Yunnan da ke kudancin ƙasar Sin.

Siffarsa ba ta da wuyar ganewa. Kaifinsa gefe ɗaya ne, ruwansa na da ɗan lanƙwasa, tsawonsa gaba ɗaya yawanci tsakanin santimita 75 ne zuwa mita ɗaya. Ƙotar zagayayya ce kamar rake, doguwa, wani lokaci ta cinye kashi ɗaya cikin uku na tsawon takobin. Makarin hannu, wato ƙarfen nan da ke gitta tsakanin ƙota da ruwa, a dha ko dai babu shi ko kuma ɗan ƙarami ne. Bakinsa kuwa ya danganta da yanki: wani mai tsini, wani zagayayye, wani a datse kamar an guntule shi. Kuben katako biyu ne da aka fafe aka haɗa, aka ɗaure da zobban tagulla ko azurfa, ko da saƙar wani kara mai lanƙwasuwa da ake kira ratan, sannan a sa masa hamila ta igiya a rataya a kafaɗa.

Da shi aka yi yaƙe-yaƙen da suka ɗauki ƙarnoni tsakanin sarakunan Bama da daular Ayutthaya ta Tailan, waɗanda suka kai ga rushe birnin Ayutthaya a 1767. Fim ɗin Bang Rajan na shekarar 2000, wanda ya ba da labarin mutanen wani ƙauye da suka tsaya wa rundunar Bama a wancan yaƙi, cike yake da wannan takobi. Har yau ana koyar da sarrafa shi: a Tailan cikin wasan makamai na krabi-krabong, inda ake riƙe takubba biyu, ɗaya a kowane hannu, a Myanmar kuma cikin banshay.

Maƙeransa ma suna nan. Ƙauyen Aranyik a lardin Ayutthaya ya yi suna da ƙira tun lokacin da wasu maƙera suka yi ƙaura daga Vientiane ta Laos suka zauna a wurin, kimanin shekara 200 da suka wuce. A Yunnan akwai kwarin da ake kira Husa, sunan da ya yi kama da Hausa amma babu dangantaka, inda ƙabilar Achang ke ƙera wuƙaƙe da takubba. A 2006 gwamnatin Sin ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun gado na ƙasa.

Kashi uku na abin da ke kasuwa

Abin da mai saye zai tarar a shagunan intanet ya kasu uku, kuma hotunansu na iya zama iri ɗaya.

Na farko shi ne na ado. An yi shi ne don a rataye a bango ko a sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Yana ƙyalli, an yi masa zane, kubensa ya sha ado, kuma shi ne mafi araha.

Na biyu shi ne na masana'anta da aka yi don aiki. Kamfanin Hanwei na birnin Dalian a ƙasar Sin, wanda Paul Chen ya kafa, ya fitar da wani takobin sara mai suna Banshee da aka ɗauko ƙirarsa daga dha. Kamfanin Cold Steel na Amurka, da aka kafa a 1980, yana da wata adda mai siffar daab ɗin Tailan, da ƙarfe mai lamba 1055 da doguwar ƙota ta roba mai tauri. Irin waɗannan sun riƙe siffar gargajiya amma sun canza kayan haɗin.

Na uku shi ne wanda maƙeri ya ƙera da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Shi ne mafi tsada, ana jiransa makonni ko watanni, kuma ingancinsa ya rataya ne ga sunan maƙerin.

Akwai bambancin da ake gani idan aka kalli takobin ta bayansa maimakon ta gefe. Dha na maƙeri yana da kauri a gindi, kusa da ƙota, sannan kaurin ya riƙa raguwa a hankali har zuwa baki. Wannan ne ke sa takobi mai tsawon kusan mita ɗaya ya yi sauƙin juyawa a hannu. Wanda aka yanko daga shimfiɗaɗɗen farantin ƙarfe kuwa kaurinsa ɗaya ne daga gindi har baki. Zai yi sara, amma motsinsa na adda ne. Masu talla ba sa son ɗaukar hoto ta wannan ɓangare, don haka mai saye ne zai nema.

Yadda ake karanta lambar ƙarfe

Wanda ya iya karanta bayanan waya, ya san bambancin girman ma'ajiya da ƙarfin batir, ba zai sha wahalar wannan ba. Lambobi huɗun da ake rubutawa, irin su 1060 ko 1095 ko 5160, tsarin Amurka ne na sanya wa ƙarfe suna. Biyun farko suna faɗin dangin ƙarfen, biyun ƙarshe suna faɗin yawan sinadarin kabon da ke cikinsa.

Idan lambar ta fara da 10, ƙarfe ne da kabon kawai, ba wani gauraye mai yawa. 1045 na nufin kabon ya kai kusan kashi 0.45 cikin ɗari, 1060 kusan 0.60, 1095 kusan 0.95. Yawan kabon na ƙara tauri da daɗewar kaifi, amma yana ƙara saurin tsagewa. Shi ya sa ƙarfen da ya dace da wuƙar aljihu ba lallai ya dace da takobi ba. Doguwar ruwa tana shan jijjiga duk lokacin da ta bugi abu, tana buƙatar ta lanƙwasa ta dawo. A kan haka masu ƙera takubban sara suka fi zama a tsakiya, wajen 1055 zuwa 1075.

5160 kuwa ƙarfen sifirin ɗin mota ne: kabon kusan kashi 0.60, da ɗan sinadarin kuromiyam da bai kai kashi ɗaya ba. An ƙirƙire shi ne don ya lanƙwasa sau dubbai ya koma yadda yake. Maƙeran Tailan da Filifin da Indonesiya sun daɗe suna sayen tsohon sifirin na manyan motoci suna ƙera adduna da takubba da shi, kamar yadda maƙeran ƙasar Hausa ke yi. A kayan ƙasar Sin ana yawan ganin 65Mn, shi ma ƙarfen sifirin ne, amma da sinadarin manganis.

Wanda ya kamata ya sa mai saye ya dakata shi ne sitenles, ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba irin 420 ko 440. Kuromiyam ɗin da ke cikinsa ya haura kashi 10.5 cikin ɗari, shi ne ke hana shi tsatsa. A cokali da wuƙar kicin abu ne mai kyau. A doguwar ruwa, musamman mai araha da ba a gasa da kyau ba, yana karyewa farat ɗaya kamar gilashi maimakon ya lanƙwasa. Akwai wani tsohon bidiyo da ya zagaya intanet, na wani mai talla a tashar talabijin ta sayar da kaya a Amurka. Yana buga takobin ado a kan tebur don ya nuna ƙarfinsa, sai ruwan ya karye, guntun ya tashi ya soke shi, ana kallo kai tsaye. Kyan ɗan maciji ke nan.

Idan kuma talla ba ta faɗi lambar ƙarfe ba sam, sai kalamai irin su "ƙarfe mai inganci" ko "shirye yake don yaƙi", to daidai take da tallar wayar da aka ce "mai sauri ce" ba a faɗi komai game da abin da ke cikinta ba.

Wuta ce ke yanke hukunci

Ƙarfe mai lamba mai kyau ba ya zama takobi mai kyau sai an gasa shi daidai. Wayoyi biyu na iya ɗaukar kayan ciki iri ɗaya, ɗaya ta yi aiki lafiya, ɗaya ta riƙa zafi tana maƙalewa, saboda yadda aka daidaita manhajarta. Gashin ƙarfe ma haka yake, kuma shi ma ba a ganinsa da ido.

Mataki biyu ne. Da farko a zafafa ruwan takobin har ya haura digiri 800 a ma'aunin Selshiyas. Maƙera da yawa suna gwadawa da maganaɗisu, domin a wajen digiri 770 ƙarfe yana daina kama shi, alamar an kusa. Daga nan sai a tsoma shi cikin mai ko ruwa ya huce da sauri. Yana fitowa da tauri sosai, amma da gautsi: in ya faɗi ƙasa yana iya tsagewa. Mataki na biyu shi ne a mayar da shi wuta mai sauƙi, daga digiri 200 zuwa sama, ya ɗauki lokaci. Wannan yana rage taurin kaɗan, ya ba shi juriya. Masana'antar da ke gaggawa a nan take yanke hanya.

Ana auna taurin da ma'aunin Rockwell, wanda ake rubutawa HRC. Na'urar tana danna tsinin lu'ulu'u a jikin ƙarfen da nauyin kilogiram 150, ta auna zurfin ramin da ya yi. Takobin da aka gasa gaba ɗayansa daidai-wa-daida yakan tsaya wajen 50 zuwa 55. Akwai kuma wanda ake gasa kaifinsa ya kai wajen 58 zuwa 60, a bar bayansa da taushi don ya shanye jijjiga. Irin wannan ya fi riƙe kaifi, amma idan sara ya karkace yana iya lanƙwasa ya ƙi dawowa. Mai sayarwa da ya san kayansa zai faɗi wannan lamba ba tare da an matsa masa ba.

Abin da ke cikin ƙota

Ruwan takobi ba ya ƙarewa a inda ƙota ta fara. Yana da wutsiya da ke shiga cikin ƙotar, kuma ita ce ke ɗaukar duk ƙarfin sara. A nan ne dha na gargajiya da na zamani suka fi rabuwa.

A na gargajiya, wutsiyar gajeriya ce. Ana cusa ta cikin katako ko gora, a liƙe da ƙaron itace, a ɗaure bakin ƙotar da zoben ƙarfe don kada ta tsage. Wannan tsari ya yi aiki ɗaruruwan shekaru a wurin da mai takobi ya san alamar ƙota ta fara sakewa, kuma maƙeri na nan a bakin kasuwa. Wanda ya yi odar takobi daga wata nahiya ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Don haka na zamani masu kyau suke tsawaita wutsiyar ta yi nisa cikin ƙota, ta kasance mai faɗi, a huda ta a ratsa ƙusa ɗaya ko biyu ta cikin katakon.

Mafi haɗari shi ne abin da ake samu a na ado: siririn ƙarfe kamar wutsiyar ɓera da aka yi wa walda a gindin ruwan, aka ɗaure ƙarshensa da noti. A bango babu matsala. Ranar da aka kai sara da shi, waldar na iya ɓallewa, ƙota ta rage a hannu, ruwan mai kaifi ya tashi ya nufi duk inda ya ga dama. Mutumin da ke tsaye a gefe riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo shi ne ya fi kusa.

Mai saye na da damar neman hoton takobin ba tare da ƙota ba. Kamfanin kirki yana da irin wannan hoto, ko kuma akwai masu gwaji da suka kwance shi suka nuna a YouTube. Bayan takobin ya iso, akwai gwaji mai sauƙi: a riƙe ƙotar, a bugi ƙarshenta da tafin hannu. Idan aka ji wani abu na kaɗawa ko ƙara a ciki, kada a yi sara da shi.

A hannu

Takobin sara na gaskiya ya fi sauƙi a kan yadda finafinai ke nunawa. Dha yawanci yana kusa da kilogiram ɗaya ko ƙasa da haka. Abin da ya fi nauyin muhimmanci shi ne wurin daidaito, wato inda takobin zai tsaya a kan yatsa ba tare da ya rinjaya ba. Idan wurin ya yi nisa da ƙota, sara zai yi ƙarfi amma tsayar da shi zai yi wuya. Doguwar ƙotar dha na taimakawa a nan: ko da yake hannu biyu na iya kama ta, an fi riƙe ta da hannu ɗaya kusa da ruwan, sauran tsawon ya zama nauyin da ke daidaita gaba.

Abubuwa biyu na ƙirarsa suna ba sabon shiga wahala. Na farko, rashin makarin hannu. Dha takobin sara ne. Wanda ya yi suka da shi ya haɗu da abu mai tauri, musamman in tafinsa na da gumi, hannunsa zai zame gaba ya hau kaifin. Na biyu, zagayayyar ƙota. Hannu ba ya jin inda kaifin ya fuskanta, kuma tana iya juyawa a tsakiyar sara. Shi ya sa wasu masu ƙirar zamani ke ɗan matse ta ta yi siffar ƙwai.

Daidaita kaifi da hanyar sara shi ne dukan sirrin bidiyon robobin ruwa. Idan kaifin ya karkace ko da kaɗan ne, robar za ta tashi sama ba ta yanku ba, takobin kuma ya ci gaba da tafiya inda ba a shirya ba. A nan waya na da amfani na gaske. Yawancin wayoyin yanzu suna ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, hoto 120 ko 240 a daƙiƙa. Idan aka ɗora wayar a kan mariƙinta mai ƙafa uku, nesa da wurin, mutum zai ga daidai inda wuyan hannunsa ya juya. Ba a ba wa aboki ko ƙane wayar ya riƙe.

Abin da masu wannan sha'awa ke sara sananne ne: robar ruwa, tabarmar da aka naɗe aka jiƙa, ɗanyen gora ga wanda ya ƙware. Busasshen itace da bulo da bututun ƙarfe suna lalata kaifi, suna iya karya ruwan. Takobi ba gatari ba ne.

Raunin da aka fi samu ba daga wani yake zuwa ba. Sara ya wuce abin da aka nufa ya sauka a gwiwa ko ƙaurin ƙafar da ke gaba, ko kuma hannun da ke riƙe da kube ya yanku wajen mayar da takobin. Kuben katako biyu na iya buɗewa ta gefen kaifi, don haka ba a kewaye shi da yatsu ta wannan gefen. A cinya akwai babbar jijiyar jini wadda idan ta yanke, mutum na iya rasa ransa cikin 'yan mintuna. Wanda zai yi sara ya sa takalmi rufaffe, ya kori yara da dabbobi daga wurin, kada kuma ya kasance shi kaɗai a gida. In rauni ya faru, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a nufi asibiti nan take.

A ƙasashen da takobin ya fito, ba a fara koyo da ƙarfe. Ɗaliban krabi-krabong da sanda da takobin katako suke farawa. A Filifin, inda dokar ƙasa ta ayyana arnis a matsayin wasan yaƙi na ƙasa a 2009, sandar ratan mai tsawon kusan santimita 70 ita ce kayan koyo na shekaru. Mutanen da suka gaji abin ba sa gaggawar ɗaukar mai kaifi.

Tsatsa, damina da hunturu

Ƙarfen da ya dace da takobi shi ne kuma mai saurin tsatsa. Gishirin da ke cikin gumin yatsa kaɗai ya isa ya bar tambari a jikinsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Bayan kowane amfani, a goge ruwan da busasshen ƙyalle, a shafa masa mai kaɗan, wanda zai sa shi sheƙi kawai ba ya ɗiga ba. Man keken ɗinki ya wadatar. Man gyaɗa da manja da sauran man girki suna daskarewa su yi danƙo, su yi wari. Masu tara tsofaffin makamai suna amfani da wani kakin shafawa mai suna Renaissance Wax, wanda aka samar a ɗakin binciken gidan tarihi na British Museum.

Ba a barin takobi wata da watanni cikin kuben fata, domin fata na riƙe laima. Da damina a riƙa duba shi duk mako biyu. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin waya ko takalmi suna da amfani a akwatin ajiya. Hunturu kuma nasa aikin daban ne: katakon da aka sassaƙa a ƙasa mai laima kamar Tailan yana tsukewa idan ya sha busasshiyar iska, ƙota ta saki, zobban kube su fara zamewa. Takobin da ya iso daram a watan Agusta na iya fara kaɗawa a Janairu, don haka gwajin nan na bugun ƙota ba sau ɗaya ake yin sa ba.

Wajen wasawa, dutse da ruwa da haƙuri. Injin gurza ƙarfe na masu walda yana zafafa bakin kaifi cikin daƙiƙu. Da zarar an ga wurin ya yi shuɗi, zafin ya kai wajen digiri 300, gashin da aka yi masa a masana'anta ya lalace a wannan wurin, kuma shafa mai ba ya dawo da shi.

Ajiya kuma a wurin da ake kullewa, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Doka ba ta duba niyya

Shagon intanet zai karɓi kuɗin kowa, amma ba shi ne zai tsaya gaban hukuma ba. A yawancin sassan Birtaniya, tun 2008 aka haramta sayarwa da shigo da takobi mai lanƙwasa da ruwansa ya kai santimita 50, sai wanda aka ƙera kafin 1954, ko aka ƙera da hannu ta hanyar gargajiya, ko don wasu dalilai da doka ta ware kamar koyon wasan yaƙi a ƙungiya mai inshora. Dha na masana'anta ya faɗa cikin wannan haramci kai tsaye. A Japan, dokar 1958 ta wajabta rajistar takobi, kuma na masana'anta ba ya samun rajista. Jihar Victoria ta Ostireliya ta haramta mallakar adda ba tare da izini ba daga 1 ga Satumba, 2025. Facebook ma ba ya yarda a sayar da makamai a kasuwarsa.

Darasin shi ne kowace ƙasa da tata doka, kuma mallaka a gida daban, fita da shi daban. A birni kamar Kano, inda 'yan sanda ke yawan kama matasa da makamai saboda faɗan daba, matashin da aka tare da takobi a kan babur zai sha wahalar bayyana cewa bidiyo zai je ɗauka. Wanda ke tunanin yin oda ya fara tambayar hukumar kwastan da kamfanin da zai yi dakon kayan kafin ya biya, domin kayan da aka riƙe a tashar shigowa, kuɗinsu ba sa dawowa.

Kafin a danna maɓalli

Akwai tambayoyi biyar da za su tace yawancin tallace-tallace: mece ce lambar ƙarfen, nawa ne taurinsa a ma'aunin HRC, yaya wutsiyar take kuma da me aka riƙe ta, nawa ne nauyinsa da wurin daidaitonsa, nawa ne kaurin bayansa a gindi da kuma kusa da baki. Wanda ya ƙera takobi ya san amsoshin nan da ka. Wanda ya sari kwali daga wani wuri yana sayarwa zai koma yabon kyan kube.

Hoton tallar ma a bincike shi. Idan aka saka shi a Google Lens aka gan shi a shaguna goma da sunaye goma da farashi goma, an san inda aka dosa. Zanen igiyar ruwa da ake gani a jikin wasu takubba, wanda a keris na gaskiya yake fitowa daga ninka ƙarfe iri biyu a wuta, a kayan araha sau da yawa da sinadari ko na'urar leza ake zana shi a sama. Keris ɗin Indonesiya da hukumar UNESCO ta karrama a 2005 aikin watanni ne a hannun gwani. Ba a samunsa a farashin cajar waya.

Sayen nagari mai da kuɗi gida, amma a wannan harka nagarin ma yana zuwa da aiki: mai da ƙyalle duk bayan amfani, makulli, fili, malami, da sandar koyo ta watanni kafin a zare ƙarfe. Mutumin da ke cikin bidiyon daƙiƙa 15 ya bi ta duk waɗannan, kuma ya zubar da robobi da yawa da ba su yanku ba kafin ya samu wanda ya ɗora. Wanda abin ya burge shi da gaske yana iya farawa yau da sanda mai tsawon hannu da wayarsa a kan mariƙi. In bayan wata shida sha'awar na nan, ya riga ya san tambayoyin da zai yi wa mai sayarwa.